Kilinik ɗin likitan homon da muka kai Yaya a Ikeja: likitan ya san aikinsa, lab da famasi kuwa sai a hankali

Tun da Yayata ta fara samun sauƙi mutanen mu na Agege suke ta tambayata ina muka kaita, nawa aka kashe, wane magani aka bata, toh bari in rubuta gaba ɗaya in huta da maimaitawa. Wani kilinik ne mai zaman kansa a Ikeja, na likitan da ya ƙware a ciwon suga da tairod da sauran cututtukan homon, wato sinadaran da jiki yake fitarwa cikin jini su sarrafa aikinsa. Ba zan kama sunan wajen ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata kuma ba biyana suka yi in musu talla ba. A taƙaice dai likitan ya cancanci kuɗinsa, amma sauran ma'aikatan gidan suna neman su zubar masa da mutunci, kuma duk wanda yake shan maganin tairod yana ƙara lalacewa maimakon ya gyaru dan Allah ya karanta har ƙarshe, saboda abin da aka gano a jikin Yaya ba kowane asibiti ne yake tunanin dubawa ba.

Ita dama an daɗe da ce mata tairod ɗinta baya aiki sosai, wato wannan ƙululun na wuya da in ya kumbura muke cewa maƙoƙo, nata bai kumbura ba amma gwajin TSH, gwajin jinin da ake duba aikin tairod dashi, ya hau sama da 4 ɗin da ake so ya tsaya a ƙasansa. A wani ƙaramin asibiti kusa da gida aka ɗorata kan maganin tairod Euthyrox 50, da ta koma tace har yanzu gajiyar nan tana nan sai aka mayar 100. Aikuwa daga nan abu ya juye, maimakon ƙarfi sai rama, sai jiri in ta miƙe tsaye, tashin zuciya da safe kamar mai ƙaramin ciki, wani lokacin amai da ciwon ciki. An yi mata maganin taifod, an yi na maleriya, an ce olsa ce, ƙarin ruwa kuwa in aka sa mata sai ta ɗan farfaɗo kwana biyu ta sake kwanciya. 'Yan uwa a gida Kano har sun fara maganar ko sammu ne, aka aiko da rubutu da hayaƙi, mun karɓa mun gode, amma mijinta yace a dai nemi likitan da fanninsa kenan. Asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja duk suna da irin waɗannan likitocin kuma kuɗinsu yafi sauƙi nesa ba kusa ba, mu dai mun zaɓi na kuɗi ne saboda yadda jikin nata ya yi muna so a ganta a satin.

Wajen kansa tsaf yake, akwai sanyin AC har ya yi wa Yaya yawa dan masu ciwon tairod basa son sanyi, sai da na lulluɓa mata mayafina. Kujeru wadatattu, banɗaki da ruwa da buta, wannan na yaba dan ba ko'ina ake samun buta ba a Ikeja. Wurin sallah babu, a bayan ɗakin maigadi muka shimfiɗa darduma, shima maigadin ɗan Sakkwato ne shi ya bamu. Resefshan kuwa yarinyar da ke wajen bata ɗago kai ta kalle mu ba sai da aka turo kuɗi ta ga alat, kuma kuɗin buɗe fayil daban na ganin likita daban, basu faɗa mana haka a waya ba. Kuɗin ganin likita kaɗai sai da muka haɗa hannu ni da mijinta, ban da gwaje-gwaje. Suna karɓar POS da tiransifa, na tambayi ko suna karɓar inshorar HMO akace wasu suna karɓa wasu a'a, sai ka kira ka tambaya kafin ka zo.

Amma da muka shiga wajen likita duk haushin ya tafi. Bayerabe ne dattijo, baya jin Hausa in ban da sannu da ina kwana, Yaya kuma turancinta na kasuwa ne, sai ya kira wata nas da ta tashi a Sabon Garin Kano tana jin Hausa kamar jakar Kano ta zauna tana fassara, ni kuma ina cike inda aka rage. Wannan kaɗai babban abu ne, dan mata nawa ne a Agege da Mile 12 da Alaba Rago suke zuwa asibiti su kasa faɗin abin da ke damunsu sai dai su ce jiki ba daɗi. Bai yi saurin ɗaukar biro ba. Ya sa aka auna BP ɗinta a kwance, aka jira, aka sake aunawa a tsaye, ya nuna min yadda ya faɗi da sama da 20 daga miƙewa kawai. Sannan yace Hajiya buɗe baki, ya haska dasashinta da cikin kumatu, ya buɗe tafin hannunta yana kallon zanen da ke ciki, ya dubi gaɓoɓin yatsu da tabon tiyatar haihuwarta ta ƙarshe. Duk sun yi baƙi ƙirin. Mu mun lura ta yi duhu amma kowa cewa yake ranar Legas ce da wahalar ciwo, shi kuma yace a fatar baƙin mutum ba a fuska ake ganewa ba, a dasashi da tafin hannu da tsofaffin tabo ake dubawa.

Tambayar da ta bamu mamaki ita ce da yace ko tana kwaɗayin gishiri. Nas na fassarawa Yaya ta kalle ni ta sunkuyar da kai, dan mun sha kamata tana lasar Maggi a kicin, yaranta har tsokanarta suke. Sai ya jawo tsofaffin takardun gwajin da muka zo dasu a leda, ya tsaya kan guda ɗaya ya zagaye lamba da biro, sodiyam, wato gishirin da ke cikin jini, 128, alhali daidai shine 135 zuwa 145, fotasiyam kuma ya ɗan haura. Takardar ta yi watanni a hannunmu ba wanda ya ce komai a kanta.

Ga yadda ya mana bayani, kuma na rubuta a waya a lokacin dan kar in manta. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama, adirinal ake kiranta, ita take fitar da homon ɗin kotizol wanda yake riƙe BP da sugan jini kuma shi yake tallafar jiki in an shiga zazzaɓi ko rauni ko tiyata, sannan tana fitar da wani homon ɗin da yake riƙe gishiri da ruwa a jiki. In adirinal ta mutu ko ta raunana shine ciwon Addison, sunan wani likitan Landan ne Thomas Addison da ya fara bayaninsa a 1855. Yace yawancin masu raunin tairod garkuwar jikinsu ce take kai wa tairod ɗin hari, ciwon Hashimoto kenan, kuma a wasu mutane ƙalilan garkuwar bata tsayawa a wuya sai ta sauka kan adirinal, wasu ma har da ciwon suga irin na allura. Ya nanata cewa ƙalilan ne, ba duk mai tairod ba ne zai tayar da hankalinsa. Sai ya zo inda yafi muhimmanci, maganin tairod yana ƙara wa jiki gudun aiki kuma yana sa hanta ta ƙone kotizol da sauri, toh wanda dama nasa kaɗan ne ya rage in ka ƙara masa Euthyrox kamar ka taka totur ne a motar da babu baƙin mai, inji zai buga. Shi ya sa ta ƙara lalacewa da aka kai 100. Yace ƙa'ida ita ce a fara cike kotizol tukun sannan a bi ta kan tairod, kuma wai a rubuce yake a 'yar takardar da ke cikin kwalin maganin, da muka koma gida na warware takardar nan da kullum muke yarwa na gani da idona, an ce kar a sha in akwai raunin adirinal da ba a yi maganinsa ba. Har ila yau yace ƙarancin kotizol shi kansa yana iya ɗan ɗaga TSH, wani in aka gyara adirinal ɗin sai a ga tairod ɗin bai kai lalacewar da aka zata ba.

Tambayoyin da ya bi mu dasu bayan nan su suka nuna min mutumin ya san ƙasar da yake aiki. Ya tambayi tari mai daɗewa da gumin dare, dan a nan Afirka tarin tibi yana cikin manyan abubuwan da ke cinye adirinal, ya rubuta hoton ƙirji. Ya tambayi ko ta taɓa zubar da jini sosai wajen haihuwa, ko nono ya ƙi zuwa bayan nan, ko al'ada ta ɗauke, dan wai zubar jini mai yawa yana iya lalata wani ɗan ƙululu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wanda shi yake ba tairod da adirinal umarni, sai duka biyun su kwanta tare, ciwon Sheehan. Wannan ya tsaya min a rai wallahi, mata nawa muka sani da suka haihu a gida suka yi jini, tun daga nan basu sake lafiya ba ana ta cewa jego ne bai karɓe su ba. Sannan ya juyo kan mai da ƙwayoyi, ba tare da kunya ba ya tambayi Yaya ko tana shafa man ƙara haske, ko mayukan nan na tib da ake haɗawa a cikin man shafawa har a shafa wa jarirai, ko ta taɓa shan sha ka fashe. Yace da yawansu akwai siteroyid a ciki, deksa da firednisolon da danginsu, in mutum ya daɗe yana sha ko yana shafawa adirinal ɗinsa sai ta yi barci tunda ana kawo mata aikin daga waje, ranar da ya daina kwatsam jiki ba shi da na kansa. Yaya bata cikin masu yi, amma ni dai na san gidaje a unguwarmu da kafin biki amarya sai an ɗura mata, kuma NAFDAC ma a 2023 sai da ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Toh yanzu lab, inda raina ya ɓaci. Kotizol ba kamar sauran gwaji ba ne da za a ɗibi jini ko yaushe, da safe yake hawa ƙololuwa sannan ya yi ta sauka har dare, dan haka tsakanin 8 da 9 na safe ake ɗauka in ana so lambar ta yi ma'ana. Likita da bakinsa yace mu zo kafin 8. Duk wanda ya san hanyar Agege zuwa Ikeja da safe ya san me wannan yake nufi, ga okada an hana a Ikeja, mara lafiya mai jiri kuma baka sa ta a danfo ba balle turmutsitsin tashar jirgin ƙasa, haka muka yi asuba muka ɗauki tasi muka bi ta gadar Pen Cinema muka iso da sauran lokaci. Muka tarar ɗakin ɗibar jini a kulle. Mai ɗibar jinin wai goslo ya riƙe shi a Ikorodu Road. Yarinyar resefshan cewa take mu jira ai ko 11 ne za a ɗiba, bata ma san gwajin yana da lokaci ba, a kilinik ɗin da aikinsu kenan fa. Sai da na ɗaga murya nas ɗin nan mai jin Hausa ta fito, tace Anti yi haƙuri, ta nemo makulli ita da kanta ta ɗibi jinin saura minti kaɗan 9 ta cika, ta sa kwalbar gwajin ACTH, homon ɗin da ƙululun ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake ba adirinal umarni dashi, a ƙanƙara dan wai shi baya son zafi. Allah ya saka mata, amma bai kamata lafiyar mutum ta dogara da ko ɗan rakiyarsa ya iya faɗa ba.

Kuma ashe ba su suke yin gwajin ba, wani babban lab suke aikawa su ɗora nasu a kai, sakamakon da akace kwana biyu ya kusa sati. Abin da ya cece mu shine likitan bai jira takarda ba, ana gama ɗibar jini ya ɗorata kan haidrokotizon, maganin da yake maye gurbin kotizol, ya rage Euthyrox ɗin, yace yadda alamun suka taru jira yafi haɗari. Kafin sakamako ya fito ta fara neman abinci da kanta. Da ya fito kotizol ɗin ƙasa da 100 yake a ma'aunin nmol, ACTH kuma ya yi sama sosai wanda shine ya nuna matsalar a adirinal take ba a ƙwaƙwalwa ba, hoton ƙirji lafiya lau. Yace da lambar ta faɗo a tsakiya sai an yi gwajin allurar Synacthen, a yi allura a ɗibi jini bayan minti 30 wani lokacin da 60 a ga ko adirinal zata amsa, kuma su ma basa ajiye allurar sai sun yi oda. Wani abu da ya kamata mata su sani, ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin tana ɗaga lambar kotizol a takarda ta ɓoye matsalar, haka ƙwayoyin gyaran gashi masu bayotin suna rikita gwajin tairod, dan haka a faɗa wa likita duk abin da ake sha kar a ji kunya.

Yaya da ta ji magani ne na har abada sai ta fara hawaye, likitan yace mata Hajiya shugaban Amurka John Kennedy yana da ciwon nan guda biyu, adirinal da tairod, kuma da su ya yi mulki. Ta share ido tace wa nas ki gaya masa shi ai baya bin layin BRT. Har shi sai da ya yi dariya.

Bangaren koyarwa nan ma sun yi ƙoƙari, ba a sallame mu da takarda kawai ba. Haidrokotizon ana raba shi sau biyu ko uku a rana, kaso mafi yawa da an tashi daga barci, na ƙarshe kafin yamma ta yi nisa, jimilla yawanci tsakanin 15 da 25 mg amma likita ne yake yanke wa kowa nasa. Euthyrox da ruwa kawai, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi, maganin ƙarin jini da na ƙashi a basu tazarar awa 4, a sake TSH bayan sati 6 zuwa 8. In zazzaɓi ya zo, kuma a Legas maleriya bata sallama, a ninka haidrokotizon har a warke. In amai ya hana ƙwaya zama wannan ba na jira ba ne, allurar 100 mg a cinya a wuce imajensi a sa ruwa, suka koya wa mijinta da babbar 'yarta yadda ake yi, suka bata kati ta riƙa yawo dashi a jaka dan ko faɗuwa ta yi a hanya a san me za a mata. Ko cire haƙori za a yi sai an faɗa. Maganar azumi na tambaya dan nasan ita zata fara damunta, yace kar ta yanke da kanta, ta dawo kafin Ramadan a duba, dan ƙishirwa da yunwa mai tsawo suna da haɗari ga mai wannan ciwon musamman a shekarar farko, Yaya dai ta yi shiru irin shirun da na sani, mun bar wa malaminsu na Islamiyya wannan yaƙin.

Na kuma nuna masa wani bidiyo da 'yar ƙanwarmu ta turo daga TikTok, wata tana tallan ƙwayoyi wai na gajiyar adirinal, wai duk mai tairod da ke jin kasala shi ke damunsa. Ya girgiza kai yace ƙungiyar likitocin homon ta Amurka bata yarda akwai ciwo mai wannan sunan ba, ko dai adirinal ta gaza a gani a jini ko kuma a nemi dalilin gajiyar a wani wajen, ƙarancin jini ko suga ko rashin barci ko damuwa. Kuma wai an taɓa bincikar irin ƙwayoyin aka samu homon ɗin tairod da siteroyid a ɓoye a ciki, ka ga mai lafiyayyar adirinal ma zai iya kashe ta da hannunsa da kuɗinsa.

Famasinsu ni dai bana ba kowa shawara. Euthyrox ɗin da muka saya a wajen daga baya na same shi a wani babban kemis a Ikeja ɗin dai da rahusa mai yawa, kwali iri ɗaya. Haidrokotizon na ƙwaya ranar farko kaɗan suke dashi. Na ukun kuma, fuludrokotizon, wanda shine yake riƙe mata gishiri da BP, basu dashi kwata-kwata kuma basu iya ce mana ga inda za a samu ba, sai dai ku duba a gari, a garin Legas fa. Mun sha yawo, kemis da yawa basu ma taɓa jin sunan ba, wani ya so ya bamu deksa wai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne kar wanda ya yarda. A ƙarshe a Idi-Araba muka samu cikin kemis ɗin da ke kewaye da asibitin koyarwa, kuma samfurin da muka samu na firij ne, an rubuta a kwalin. Layinsu Yaya wuta sai ta ga dama, dan haka yanzu maganin a firij ɗin maƙociyarsu mai sayar da zobo da kunun aya yake kwana tunda ita tana da sola. Da na koma na faɗa wa likitan yace zai yi magana da mai famasin su riƙa ajiyewa, zuwanmu na baya-bayan nan na leƙa na tambaya, har yanzu babu.